ƘANƘARA A ƘARƘASHIN WUTA: Tunani a Kan Cin Amana Domin Mako Mai Tsarki



Kowace shekara, ranar Laraba ta Mako Mai Tsarki, Ikilisiya takan karanta mana Bishara ta hannun Matiyu, sura 26, inda Yahuza Iskariyoti ya tafi wurin manyan firistoci ya yi cinikin Malaminsa a kan azurfa talatin. Mun ji labarin har ya zama mana kamar tatsuniya. Mukan girgiza kai, mu ce tir da Yahuza, mu koma gida. Bana muna so mu daɗe kaɗan a kan wannan zunubi, kuma za mu nemi taimakon wani mawaƙi Bakatolike wanda ya yi zurfin tunani a kansa fiye da yawancin masu wa'azi.

Sunansa Dante. An haife shi a birnin Fulorans na ƙasar Italiya a 1265, ya rasu a Rabenna a 1321. Birninsu ya rabu gida biyu saboda rikicin mulki, ɓangarensa ya sha kaye, aka kore shi a 1302, bai sāke taka garin haihuwarsa ba har ya mutu. Mu mutanen ƙasar Kano mun san irin wannan, domin kakanninmu sun ba da labarin Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, sa'ad da 'ya'yan gida ɗaya, Tukurawa da Yusufawa, suka zare wa juna takobi a kan sarauta. A cikin wannan zaman gudun hijira Dante ya tsara doguwar waƙarsa da ake kira Komediya, mai babi 100 da layi 14,233, kashi uku: Gidan Wuta, Wurin Tsarkakewa, da Aljanna. Malaman zamaninsa da Latin suke rubutu, shi kuwa ya zaɓi harshen da ake magana da shi a kasuwa da cikin gida, domin talaka ya ji.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman Musulunci na ƙarni na 19 sun bar Larabci a wasu lokuta suka tsara waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci cikin ajami, suna tsoratar da mutane da azabar lahira. Akwai Baƙin Mari ta Malam Muhammadu Tukur. Akwai Tabbat Haƙiƙa wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Da yawa cikinmu mun tashi muna jin makafi suna rera irin waɗannan waƙoƙi a bakin kasuwa, da zancen sarƙoƙi da macizai da kunamu. Maƙwabtanmu da baki da murya suka zana lahira. Mutanen Italiya kuwa suka ƙara da alli da fenti.

A ɗakin baftisma na Waliyyi Yahaya a Fulorans, inda aka yi wa Dante baftisma, akwai hoton Ranar Shari'a a rufin ɗakin, da Shaiɗan yana haɗiye masu zunubi. Tun yana yaro ya ga wannan. Bayan mutuwarsa masu zane suka bi waƙarsa babi babi. Botticelli ya yi nasa a ƙarshen ƙarni na 15, guda 92 sun tsira, suna ajiye a Balin da Batikan. Wani Bafaranshe, Gustave Doré, ya buga nasa na Gidan Wuta a 1861, kuma su ne aka fi gani a littattafai har yau. A makarantar horar da firistoci yawancinmu ta hanyar hotunan Doré muka fara sanin Dante, kafin mu iya karanta shi.

To, ga yadda ya tsara Gidan Wuta. Rami ne mai faɗin baki, yana tsukewa yayin da ake gangarawa, kamar mazurari, da hawa tara. Gwargwadon nauyin zunubi, gwargwadon zurfin wurin mai shi. Can sama-sama ya sa waɗanda sha'awar jiki ta rinjaya, sai masu haɗama, sai masu rowa da almubazzarai, sai masu fushi. Ƙasa da su masu zub da jini. Ƙasa da waɗannan kuma mazambata: masu daɗin baki, masu sayar da abubuwa masu tsarki, masu cin hanci, munafukai, ɓarayi, masu shaidar zur. Sa'an nan hawa na tara, ƙarshen ramin, na maciya amana.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Mai karatu yana gangarowa yana jiran ya tarar da wutar da ta fi kowace zafi a ƙasan ramin. Abin da ya tarar shi ne tafki da ya daskare, ƙanƙara mai kauri wadda ko dutse ya faɗo mata ba za ta tsage ba. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai wadda takan zubo da ruwan farkon damina ta ɓata shuka, ko wadda ake saya a kasuwa lokacin zafi, sai mu kwatanta haka: a ce dukan ruwan madatsar Tiga ya sandare ya zama dutse mai sheƙi, mutane kuma suna kafe a ciki har wuya, iskar da ta fi hunturun tsaunukan Riruwai sau dubu tana dukan fuskokinsu, ba bargo, ba wutar jin ɗumi, ba fitowar rana. A hoton Doré kawuna ne birjik a kan farin fili cikin duhu, Dante da jagoransa Birjil suna takawa a tsakaninsu. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da kalmar zamharira, wato azabar matsanancin sanyi, saboda haka tunanin ba zai zama musu sabo ba.

Don me ƙanƙara? Mai fushi yana da zafi a zuciya, mai sha'awa ma haka. Ƙauna ce ta karkace ta bi mummunar hanya, amma da sauran ɗumi a cikinta. Maci amana sai ya kashe ɗumin tukuna. Yakan zauna ya yi lissafi. Yakan yi murmushi, ya tambayi lafiyar iyali, ya sa hannu a kwano ɗaya da wanda ya riga ya sayar. Dante ya bayyana dalilinsa a babi na 11: zamba zunubi ne da ɗan adam kaɗai ke iya yi, domin da hankali ake yin ta, hankali kuwa shi ne kyautar da Allah ya bambanta mu da dabba. Wanda ya zambaci baƙon ido ya karya igiya ɗaya, ta 'yan'adamtaka. Wanda ya zambaci mai amincewa da shi ya karya biyu, domin ya haɗa da igiyar yarda. Kura takan kashe akuya, amma ba a taɓa jin ta yi abota da ita shekara goma kafin ta cinye ta ba.

A nan ya kamata mu dubi kanmu. A majami'unmu, in yarinya ta yi cikin shege, kafin Lahadi kowa ya ji, a hana ta karɓar Jibi, uwarta ta kasa ɗaga kai a taron Zumuntar Mata. In mutum ya sha burkutu ya faɗi a hanya, yara su yi masa waƙa. Ba mu ce waɗannan ba zunubai ba ne. Amma wanda ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa yakan zauna a bencin gaba da babbar riga, har a ba shi kujerar shugaban kwamiti. Ma'aunin Dante ya juya namu: waɗanda muke kunyatawa suna can kusa da bakin ramin, wanda muke girmamawa yana ƙasa cikin ƙanƙara. Duk wanda ya karanta yadda Ubangiji ya yi da matar da aka kama cikin zina a Yahaya sura 8, da yadda ya yi magana a kan masu cinye gidajen gwauraye a Markus sura 12, zai ga wane ma'auni ya fi kusa da Bishara.

Tafkin ya kasu huɗu. Na fari an sa masa sunan Kayinu, na waɗanda suka ci amanar dangi. Suna cikin ƙanƙara har wuya, kawunansu a sunkuye, haƙora na kaɗawa. Dante ya ga 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka kashe juna a kan gādo, an manne su ƙirji da ƙirji, suna tunkuyin juna kamar bunsuraye. Ba sai mun je Italiya neman misali ba. Sau nawa aka binne mutum, kafin a share makoki ƙanensa ya riga ya matsar da iyakar gona, ya ce wa matar mamacin ta koma gidan ubanta da 'ya'ya biyar?

Na biyu na maciya amanar gari ne da jama'a. A nan Dante ya yi tuntuɓe da kan wani mai suna Bocca, wanda a yaƙin Montaperti na 1260 ya sare hannun mai riƙe da tutar rundunarsu, mayaƙan Fulorans suka ruɗe, aka karkashe su. Abin lura, sauran mutanen Gidan Wuta sukan roƙi Dante ya ambace su in ya koma duniya, amma Bocca ya ƙi faɗin sunansa ko da aka fizge masa gashi. Maci amana ba ya son a san shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da ke zaune kusa da dajin Falgore mun ga shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da shi maɓoya. Mutumin daji bai san wanda ya sayar da masara buhu hamsin jiya ba, bai san wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni ba, bai san ɗakin da maigida yake kwana ba. Wani ne ya gaya masa, wanda ake kira infoma, kuma sau da yawa wannan wani yakan zo jaje da safe. In akwai mai irin wannan aiki da ke jin wannan takarda, ko mai kai musu abinci da mai da katin waya yana cewa ciniki kawai yake yi, ya sani jinin da aka zubar da kuɗin fansar da ya talauta gida suna wuyansa tare da mai riƙe da bindiga.

A wannan sashe ne kuma hoton da ya fi kowane ban tsoro yake. Mutum biyu a rami ɗaya, ɗaya yana gaigayar ƙeyar ɗayan kamar mayunwaci da ƙashi. Mai gaigayar shi ne Ugolino, wani babba a birnin Pisa. Wanda ake gaigaya kuwa Ruggieri ne, Babban Bishop na birnin. Sun ƙulla yarjejeniya, Babban Bishop ya juya masa baya, ya sa aka kulle shi a hasumiya tare da 'ya'yansa biyu da jikokinsa biyu, a 1289 aka toshe ƙofar aka bar su yunwa ta kashe su. Ugolino kansa ba mai tsabtar hannu ba ne, shi ya sa yake wurin. Amma mu firistoci ba za mu tsallake wannan babi da sauri ba. Mawaƙi Bakatolike ya sa mai sandar makiyayi a ƙasan Gidan Wuta, Ikilisiya kuma ba ta ƙone littafin ba; Paparoma Benedict na 15 a 1921, Paparoma Bulus na 6 a 1965, da Paparoma Francis a 2021 duk sun rubuta wasiƙu suna yabon Dante. Farar riga ba ta kāre kowa daga wannan shari'a. Baikon da tsohuwa ta kwance daga bakin zane, yaron da iyaye suka danƙa wa mishan, asirin da aka faɗa a ɗakin ikirari, duk amana ce, kuma wanda aka ba da yawa za a bi shi da yawa. Haka katekis, haka ma'ajin majami'a, haka uwar adashi.

Na uku na waɗanda suka ci amanar baƙo ne, an sa masa sunan Talomi, wanda Littafin Makabiyawa na Fari, sura 16, ya ba da labarin yadda ya shirya wa surukinsa Saminu biki ya kashe shi da 'ya'yansa biyu a wurin cin abinci. Waɗannan fuskokinsu sama suke kallo, hawayensu na daskarewa a cikin ido, har su rasa ko sauƙin da kuka ke kawowa. Wanda ya taɓa yin baƙin ciki har hawaye suka ƙi zuwa ya san abin da ake nufi. Dante ya tarar da wani Alberigo a nan, wanda a 1285 ya gayyaci danginsa cin abincin sulhu, ya shirya da 'yan ina-da-kisa cewa in ya ce a kawo 'ya'yan itace su fito. Abin mamaki, lokacin da Dante ya ce ya gan shi, mutumin yana da rai a duniya. Mawaƙin ya ce wai ran irin wannan mutum yakan faɗa ramin nan take, aljani ya ci gaba da yawo da gangar jikinsa, tana ci tana sha tana sa tufafi.

Sai mu yi hattara a nan. Wannan ƙirƙirar mawaƙi ce, Ikilisiya ba ta koyar da haka. Muddin mutum yana numfashi ƙofar tuba a buɗe take. Haka kuma Ikilisiya, wadda ta ambaci dubban waliyyai da suna ta ce suna Sama, ba ta taɓa ambaton mutum ɗaya da suna ta ce tabbas yana Gidan Wuta ba. Dante ya sa maƙiyansa a can, ya sa paparomomi, ya sa mutanen da al'ummai masu yawa ke girmamawa, a wasu wurare kuwa ɓacin ransa da ƙarancin sanin zamaninsa ne suke magana. Shari'a ta Allah ce. Abin da Katekismar Ikilisiyar Katolika ta 1992 ta koyar, daga lamba 1033 zuwa 1037, shi ne Gidan Wuta gaskiya ne, madawwami ne, babbar azabarsa rabuwa da Allah ce, kuma Allah bai ƙaddara wa kowa shi ba. Mutum ne ke zaɓensa da kansa in ya nace a kan zunubi mai kisa har mutuwa. Paparoma Yahaya Bulus na 2 ya ƙara bayani a watan Yuli na 1999 cewa siffofin da Littafi Mai Tsarki ya yi amfani da su suna nuna halin wanda ya raba kansa da Allah ne. Duk da haka akwai gaskiya a cikin hoton Alberigo. Mun san mutanen da tun ranar da suka yi wani abu ba su sāke zama su ba. Suna zuwa Misa, suna dariya a kasuwa, amma in ka dubi idonsu ka ga ba kowa a gidan.

Na huɗu sunan Yahuza yake ɗauke da shi, na waɗanda suka ci amanar mai kyautata musu. Su ƙanƙara ta rufe su ɗungum, kamar tsinke a cikin kwalba, ba magana, ba motsi. A tsakiya Shaiɗan yake, kafe har ƙirji, da fuska uku da fikafikai shida irin na jemage. Yana kaɗa su yana neman tashi, iskar da suke fitarwa kuwa ita ce ke daskarar da tafkin, wato ƙoƙarinsa na kuɓuta shi ke ƙara ɗaure shi. A bakunansa uku yana tauna mutum uku: Burutus da Kasiyus waɗanda suka kashe Yuliyus Kaisar shekara 44 kafin haihuwar Almasihu, da Yahuza a tsakiya, kansa a ciki, ƙafafunsa a waje. Botticelli da Doré duk sun zana shi ƙato, amma ku lura, ba ya bisa gadon sarauta, ba ya ba da umarni, ko kalma ɗaya bai furta ba. Kuka yake yi da idanu shida, yawu da jini na zuba. Mu da muke yawan jin tsoron Shaiɗan da mayu da sammu har wani ya bar Misa ya tafi wurin boka, ya kamata mu dubi wannan hoto da kyau. Fursuna ne.

A daren nan ɗaya mutum biyu suka ci amanar Yesu. Yahuza ya sayar da shi, Bitrus ya yi musun saninsa sau uku har da rantsuwa, yana tsaye yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Kada mu ce Yahuza bai yi nadama ba. Matiyu sura 27 ta nuna ya yi, ya amsa laifinsa da bakinsa, har ya mayar da kuɗin, abin da yawancin maciya amanar zamaninmu ba su kai ga yi ba. Amma wurin abokan cinikinsa ya kai nadamar, suka ce ba ruwansu, shi kuwa ya yanke wa kansa hukunci ya ɗauki igiya. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, hawayensa ba su daskare ba, ya kuma zauna cikin 'yan'uwa da kunyarsa har safiyar da Ubangiji ya hura wata wutar gawayi a bakin Tekun Galili, ya tambaye shi sau uku a kan ƙauna, ya danƙa masa garken. Wanda ya ci amana aka sāke ba amana, kuma mafi girma. Dante ma bai tsaya a ƙasan ramin ba. Ya tsara tafiyar ta fara a Jumma'a Mai Tsarki ta shekarar 1300, shi da jagoransa suka bi ta jikin Shaiɗan ɗin nan suka sauka, suka ɓulla ta ɗaya gefen duniya, suka ga taurari gab da wayewar garin Ista.

Saboda haka muna kiran kowa zuwa Sakramentin Tuba kafin Idin. Amma mu faɗa muku a fili yadda Ikilisiya ta koyar: a zunubin da ya taɓa haƙƙin wani, faɗa wa Fada kaɗai bai isa ba, sai an mayar da abin da aka ci gwargwadon iko, kamar yadda Zakka ya yi a Luka sura 19. Wanda ya matsar da iyaka ya kira dattawa a mayar da ita kafin ruwan shuka ya sauka. Wanda kuɗin adashi ko na majami'a ya maƙale a hannunsa ya fara biya, ko kaɗan kaɗan ne, kwano ɗaya na dawa bayan kwano ɗaya. Wanda ya ɓata sunan wani da ƙarya ya koma wurin waɗanda ya gaya wa ya warware. Wanda ke hulɗa da mutanen daji ya yanke ta yau, in kuma ya san abin da zai ceci ran wani, ya nemi hanyar da labarin zai isa inda ya kamata.

Mun san abin da ke hana mutane: tsoron tonon asiri a ƙauyen da kowa ya san kowa. Ku tuna dokar Ikilisiya, tun Majalisar Lateran ta Huɗu a 1215 har zuwa doka ta 983 ta yau, ta haramta wa firist ya bayyana abin da ya ji a ikirari ta kowace hanya, ga sarki ko ɗan sanda ko bishop, ko da za a kashe shi. Wanda ba zai iya fuskantar wanda ya zalunta ido da ido ba, ya faɗa wa Fada haka, za a nemi hanyar da kayan za su koma ga mai su ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Muna roƙon katekis su karanta wannan takarda a majami'un da Fada ba zai samu isa ba ranar Lahadin Ganyen Dabino, su kuma sanar da jama'a ranar da zai zo jin ikirari a kowane ƙauye.